Harsashin CCI Quiet-22: ya dace da kurege, zomo kam sai haƙuri

Duk mai gonar gyaɗa a yankinmu na Gwaram ya san ɓarnar kurege. Tun gyaɗa ba ta gama ƙosawa ba yake tone ta, gafiya kuma tana jiran abin da ya kai rumbu. Saboda su na jarraba wannan harsashi mai ƙarancin ƙara na kamfanin CCI a tsohuwar bindigarmu ƙirar .22 mai lasisi, irin wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi.

Dalmarsa nauyinta ɗaya da ta harsashin da aka saba, wajen giram 2.6. Albarushin aka rage tun daga kamfani. A jikin kwalin an rubuta yana gudun ƙafa 710 a sakan, kusan mita 216 ke nan, alhali wani harsashin wannan kamfanin mai suna Mini-Mag ya haura ƙafa 1,200, wato sama da mita 365. Sauti kuwa yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan. Harsashin da ya fi sauti gudu shi ke yin wannan tsawar mai kaifi da ke tayar da duk tsuntsun da ke fadama. Wannan bai kai can ba, don haka abin da za ka ji kamar an karya busasshen kara ne. Awaki ba su ko ɗago kai ba. A zamanin da ƙarar bindiga guda ke sa mata su kwashi yara su yi ɗaki, wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

Daga mita 15 zuwa 25 ba ni da ƙorafi. Inda na saita nan yake faɗawa, kurege kuma ba ya motsawa idan an same shi a ka. Da zarar an doshi mita 50 sai labari ya sauya: dalmar tana sauka ƙasa fiye da faɗin tafin hannu, iskar hunturu kuma ta ture ta gefe. Zomo a wannan nisan rauni kawai za ka ji masa ya gudu ya mutu a rami, ba nama ga alhaki. Masu bindiga mai ɗana kanta su sani ba shi da ƙarfin da zai tura kwanso waje yadda ya kamata.

Wani dattijon maharbi da muke hira da shi ya ce min: "Yaro, kuɗinka kake zubarwa. Zare dalmar na yau da kullum ka rage albarushin da kanka." Na ce, "Baba, wannan ba bindigar toka ba ce." Shi ya saba auna albarushi da ido ya ɗura ta baki, kuma tana yi masa aiki. Amma irin wannan harsashi, wato .22 Long Rifle, tun fitowarsa a Amurka a 1887, abin tayar da wutarsa a cikin leɓen gindin kwanson yake, ba a yi shi don a buɗe a sake haɗawa ba. Taɓa shi ma haɗari ne. Idan kuma ragin ya yi yawa, dalma tana iya tsayawa a cikin bututu ba ka sani ba, harbi na gaba ya tarar da ita, bututun ya kumbura. Ko Aguila Colibri, harsashin .22 na wani kamfani wanda babu albarushi a cikinsa sam, an san shi da maƙalewa a dogon bututu. Shi ya sa ko da na kamfanin ne, in na ji ƙarar ta yi sanyi fiye da yadda na saba, sai na cire komai na leƙa bututun kafin in sake ɗanawa.

Sanyin ƙarar ma yana ruɗi. Dalma mai tafiya a hankali tana iya dukan tsandauri ko dutse ta karkace ta nufi wani wuri, ga makiyaya da yara masu kiwo a bayan kowane kunya. Ba na harbi sai akwai tudu ko jikin suri a bayan abin da na saita.

Samun Quiet-22 wahala ne, kuma ya fi na yau da kullum tsada. Zan sake saye don rumbu da gonar bayan gida. Ranar fita zomo ko fakara kuwa, na yau da kullum ɗin nan zan zuba a aljihu.