Wasiƙa daga Jidda: kartar da makaho ke bugawa ba ɗan jagora

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka ce in duba abin da za a saya wa Kawu a nan, tunda idon ya tafi gaba ɗaya kuma zaman ɗaki ya ishe shi. Maganar magani likita ya riga ya rufe ta. Abin da na samo na wasa ne, kada ka yi dariya.

Kusa da shagon ɗinkinmu akwai wani dattijo makaho, haihuwar Makka ne, wajen Shara Mansur, kakanninsa kuwa Kanawa ne da suka zo a ƙafa ta Sudan. Kullum bayan Isha zan gan shi kan kujera, abin ji a kunne ɗaya, yatsa na zamewa a kan waya. Na ɗauka karatu yake saurare. Ranar da na ji ya buga cinya ya ce "Ya salam, ya zuba min huɗu!" sai na matsa.

"Baba, da wa kake faɗa?"

"Da wani Bamisire, ɗana. Uno muke yi."

Ya zare abin kunnen ya sa min. Murya ce mai gudu kamar an kunna keken ɗinki, tana faɗin launi da lambar kowace karta da ke hannunsa, da wadda aka jefa, da wanda layi ya zo kansa. Ni ban tsinci komai ba sai da ya rage mata sauri. Muryar nan ba sayenta ake ba: a iPhone sunanta VoiceOver, tana ciki tun 2009, a Android kuma TalkBack. Wato wayar da ke aljihunka yanzu haka tana da ita. Wasan kuma a wani dandali yake da ake kira QuentinC's Playroom, wanda aka gina don makafi tun daga tushe, da karta da domino da sauransu. Akwai irinsa, RS Games. A kwamfuta yana buga ces, wato darar Turawa, a dandalin Lichess, kyauta, wanda wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa a 2010. Yana da sashen marasa gani: ka rubuta inda za ka kai ɗanka, a karanta maka inda abokin wasa ya kai nasa. Har ana iya yin wasan da kowane motsi ke da kwanaki, har 14, abin da zai dace da mai shanyewar ɓarin jiki da hannu ba ya sauri.

Ka tuna yadda majalisar ƙofar gida ta koma bayan Kawu ya daina gani? Yaro ake zaunarwa kusa da shi yana raɗa masa kartar Whot, kowa na ji, har sai da ya ce a bar shi. Abin da ya fi taɓa ni a nan ke nan: ba mai riƙe wa dattijon nan karta, ba mai sanin abin da ke hannunsa, kuma Bamisiren bai yi masa sassauci don tausayi ba. Ya ci shi ci na gaske.

Kada ka zaci komai zuma ne. Wasan 'yan ƙasa shi ne balot, mutum huɗu bibbiyu, karta 32, ana tsere zuwa maki 152. Sun ɗauke shi da girma har aka yi gasarsa ta ƙasa a Riyad a 2018. (Na san abin da Inna za ta ce idan ta ji karta. A gaya mata ko sisi ba a zubawa, shayi ne kawai ke ƙarewa.) To wata manhajar balot da na saukar masa, ba zan faɗi suna ba, zane ce zalla. Duk inda ya taɓa, muryar ta ce "maɓalli, maɓalli", kafin ya gane inda yake lokacinsa ya ƙare an jefa masa karta. Ya goge ta a daren. Sannan muryar ta iya Larabci da Turanci, amma da na tura masa saƙon Hausa sai ta dagargaza shi, har ya tambaye ni yaren wace ƙasa ce.

Bambancinmu da su, a ganina, wuta ce da intanet. Nan wasa ba ya tsinkewa a tsakiya don an ɗauke wuta ko data ta ƙare. Makaranta kuwa mun riga su ma: ta makafi a Gindiri 1953, tasu ta Annur a Riyad 1960. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ma an sa mata hannu a gida tun Janairun 2019. Sai dai doka ba ta cajin waya.

Akwai Uno mai rubutun makafi da kamfanin Mattel ya fitar a 2019, ɗigo-ɗigo a kusurwar kowace karta, amma Kawu bai koyi rubutun ba, kuma a shekarunsa ba na so a ɗora masa. Gara ka samu Whot sabuwa, ka ɗauki allura mai kauri, ku shirya alama tare da shi: huji ɗaya da'ira, biyu kuros, haka har siffofi biyar ɗin, lamba kuma a ɗaya gefen. Waya zan aiko da ita ta hannun masu dawowa daga Umra, da abin kunne da fawa bank. A sa ƙaramar jikarsa ta zauna da shi sati guda, ita ce mai haƙuri.

Ni ma ina da saƙo. Da na kwatanta wa dattijon dara, gurbi 30 a ƙasa, kowa 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan dutse, sai ya yi shiru, ya ce kakansa yana yi a tsakar gida a Makka, kuma ai wannan hannu kaɗai ya isa ya karanta ta. Don Allah ka sa kafinta ya sassaƙa mana ta katako, guraben su yi zurfi yadda 'ya'yan ba za su zube ba idan ana lalube. A yi biyu, ɗaya a bar wa Kawu.