Kamfanin da ya kai mu ga tsofaffin bishiyoyin Kalifoniya ya yi gaggawar da ta kusa ɓata min tafiyar

Ni da ƙanena mun biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido domin ya kai mu dajin bishiyoyin bristlecone da ke kan duwatsun White a gabashin Kalifoniya. Abin da ya ja hankalina shi ne alkawarin da suka yi a tallarsu cewa za mu ga bishiyar da ta fi kowace daɗewa, wato wadda ake kira Methuselah, wadda wani masanin shekarun bishiyoyi mai suna Edmund Schulman ya ƙirga shekarunta a 1957 kuma a yau ta haura shekara 4,800.

Mun tashi daga garin Big Pine, wanda tsayinsa daga matakin teku ya kai kimanin mita 1,200, kuma cikin kusan awa ɗaya motar ta ajiye mu a kurmin bishiyoyin da ake kira Schulman Grove, inda tsayin ya kai mita 3,000. Ko minti goma ba a ba mu ba mu zauna jikinmu ya saba da ƙarancin iskar wurin. Jagoran ya duba agogonsa, ya ce mu kama hanyar da ke zagaye kurmin, mai tsawon kimanin kilomita 7. Ba mu yi nisa ba sai kaina ya fara sarawa, numfashina ya riƙa yankewa, sannan jiri da tashin zuciya suka biyo baya har na kasa ɗaga ƙafa. Ƙanena ya riƙe min hannu ya ce, "Yaya, zauna, ba za mu ci gaba a haka ba." Muna zaune a kan wani dutse muna kallon sauran mutanen suna ɓacewa a bayan tudu, kuma sai da aka yi kusan minti ashirin kafin jagoran ya lura babu mu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne daga baya na gano akwai wata gajeruwar hanya a wurin wadda ba ta kai kilomita 2 ba, amma babu wanda ya ambace ta, kuma babu wanda ya tambaye mu tun a mota ko mun taɓa hawa irin wannan tsayin.

Dole in faɗi gaskiya, da jagoran ya dawo ya kyauta min. Ya karɓi jakata, ya sa na riƙa kurɓar ruwa kaɗan kaɗan, ya rage saurinsa ya koma daidai da nawa. A wannan tafiyar ta sannu ne na ga bishiyoyin da idona sosai. Gajeru ne, kututturensu a murɗe yake kamar igiyar da aka tufka, iska da ƙanƙara sun goge shi har yana sheƙi, kuma wasunsu sai ka rantse sun mutu, sai ka hango siririn ɓawo guda ɗaya yana ciyar da reshe mai kore. Suna tsirowa a kan farin dutse maras taki inda yawancin tsirrai ba sa iya rayuwa, kuma jinkirin girmansu ne ke sa itacen ya yi tauri har ƙwari da ruɓewa ba sa cin sa da sauƙi. A lokacin na ji kuɗina bai tafi a banza ba, har na ƙudurta zan yaba wa kamfanin.

Sai dai da muka iso tsakiyar kurmin na tambaye shi wacce ce Methuselah, ya amsa min cewa hukumar kula da dajin ba ta sa mata alama ba domin kada masu ziyara su lalata ta, kuma shi ma ba zai nuna ba. Na yarda da wannan dalilin ƙwarai, musamman da yake a 1964 an sare wata irinta a Nevada da ta kusa shekara 5,000. Amma kamfanin ya san da haka tun kafin ya rubuta tallarsa ya karɓi kuɗinmu. Na rubuta musu wasiƙa a kan wannan da kuma batun gaggawar, kuma yau mako uku ke nan ban samu amsa ba. Idan na sake zuwa, da motar haya zan je, in kwana a garin Bishop da ke kusa, in hau da sassafe in huta awa guda a sama kafin in taka hanyar.