Sharhi kan kujerar mota ta jarirai mai ɗaukar kilo 18

Kujerar da na yi amfani da ita irin wadda ke ɗaukar yaro tun daga haihuwa har kilo 18 ce, kuma da bel ɗin mota ake ɗaure ta, ba ta buƙatar ƙarafan ISOFIX, wato maƙallan da ke jikin kujerar mota don kama kujerar yaro. Wannan ya dace da mu a Sakkwato, domin tsofaffin motoci da yawa ba su da waɗannan ƙarafan.

Abin da ya fi burge ni shi ne tana barin yaro ya daɗe yana kallon baya. Kan jariri na da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. Idan aka taka birki da ƙarfi a hanyar Gusau ko ta Illela, bayan kujerar ne zai tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ƙa'idar Turai ta R129 ta hana juya yaro gaba kafin wata 15, ni kuwa shawarata a wuce haka muddin kujerar na ɗaukarsa. Kada a kuskura a sa ta a kujerar gaba mai jakar iska.

Ɗaurinta na son natsuwa. Bel ya bi ta shuɗayen alamomi, a danna kujerar da gwiwa, a ja har ya ɗame. A girgiza ta daga inda bel ya ratsa. In ta motsa fiye da santimita 2.5, a kwance a sake. Ga sabon haihuwa a kishingiɗar da ita sosai, don kada haɓa ta faɗo kan ƙirji numfashi ya toshe. Igiyoyin kafaɗa su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan. In yatsu biyu sun iya tsunkuno igiyar, da saura.

Aibinta zafi ne. Yadinta baƙi ne mai kauri, a watan Afrilu bayan yaro kan jiƙe sharkaf, ƙarfen maƙalli kuma sai ya ƙona cinya. A rufa mata farin zane in an ajiye mota, a taɓa ƙarfen kafin a zaunar da yaro. Lokacin hunturu a cire masa rigar sanyi mai kauri, a ɗaure shi, sannan a lulluɓa bargo a sama.

Mai son ta gwanjo ya duba takarda mai launin ruwan lemo da ke manne a jikinta, mai ɗauke da R44/04 (tsohuwar ƙa'idar Turai) ko R129, ya kuma duba ranar ƙira. In robar ta tsage ko igiya ta zaizaye, a bar wa mai ita kayansa.