Tsohon Mandolin: Leƙa Cikinsa Kafin Ka Saki Kuɗi

Mandolin kayan kiɗa ne mai tsirkiya takwas. In kuɗina ne, na kamfanin Gibson samfurin A na tsakanin 1910 da 1924 zan saya, mai zagayayyen baki kamar ƙwai da jiki kamar ɗigon hawaye. Na faɗa tun da wuri don kada a ce na yi ɓoye-ɓoye.

Kamfanin ya kafu a 1902 a Kalamazoo ta jihar Mishigan a Amurka, bisa fasahar Orville Gibson na sassaƙe fuskar mandolin da bayansa kamar na goge irin na Turawa. Abin da ya sa nake son wannan samfurin, ban da zaƙin murya, shi ne ba ya ɓoye shekarunsa. Kowane sashe na jikinsa shaida ne.

Fara da kan mandolin ɗin. In yana da faɗi a sama, kafin 1923 ne galibi. In ya tsuke yana hawa, wanda masu harkar ke kira kan maciji, daga 1923 ne zuwa 'yan shekaru kaɗan bayanta, kuma shi ake rububi. Duba ɗan murfi mai siffar ƙararrawa a gindin kan: yana rufe sandar ƙarfen da aka fara sawa cikin wuya wajen 1922, don kada tsirkiya takwas su lanƙwasa shi. Babu murfin, to ya girmi wannan shekara, sai fa in ƙaramin samfuri ne mai araha da ba a sa wa sandar ba. Jakin da ke ɗauke da tsirkiya ma yana magana. Na farko itace ne tsayayye, mai ƙananan tayoyin ɗagawa da saukewa kuwa ya zo a 1921, har akan ga tambarin 18 ga Janairun shekarar a gindinsa. Makarin da ke kare fuska daga kartar yatsa yana ɗauke da 30 ga Maris 1909. Mutane na ruɗewa a nan: ranar rajistar fasahar ce, ba ranar da aka ƙera kayan ba. Abin da take gaya maka kawai shi ne bai girme ta ba.

Sai ka kunna tocila ka leƙa ta bakin. Takarda na manne da lambar siriyal, da fensir sau da yawa, ta dusashe. Can ciki wajen gindin wuya akwai wata lamba da aka buga da tawada, ta rukunin da aka ƙera shi a masana'anta. Ka gwada su biyun da jadawalin masana. In lambar takarda ta nuna 1915, wuya kuma na da sandar ƙarfe ta asali, ɗaya daga ciki maƙaryaci ne.

Sauran fa? Martin na Nazareth a Fensilbeniya, mai shafaffen baya, aikinsa tsaf, muryarsa dai siririya ce. Gibson F-5 da Lloyd Loar, injiniyan kamfanin, ya sa wa hannu tsakanin 1922 da 1924, irin na shahararren makaɗin Amurka Bill Monroe mai ranar 9 ga Yuli 1923, kuɗinsa na gida ne, mu bar wa masu shi. Mai ƙoƙon baya irin na Italiya kuwa, shi ya ƙone ni.

Na saye shi ta intanet, daga wani da ya rantse cewa kakansa ya zo da shi daga Napoli. Hotuna shida, duk na ƙyalƙyalin ado da takardar ciki mai sunan wani tsohon gidan maƙera. Babu ko ɗaya daga gefe. Da ya iso na kwantar da shi a tebur, sai ga tsirkiya ta yi sama da wuya har ina zura fensir a tsakani. An ɗaura masa tsirkiya masu kauri irin na zamani, sun ja wuyan gaba. Mai gyara ya leƙa, ya shinshina, ya nuna mini gefen takardar: gam ɗin fari ne sabo, takardar kuma da ruwan shayi aka tsufar da ita. Kuɗin gyara ya ninka darajar kayan.

Ba wai babu na ƙwarai ba. Vinaccia da Calace na Napoli da Embergher na Rum sunayen maƙera ne masu nauyi, nauyin nan ne ma ya sa ake liƙa su a jikin tarkace. Takarda ita ce abu mafi sauƙin ƙirƙira a jikin mandolin. Gibson ma bai tsira ba: akan ɗauki kwaikwayon da aka yi a Jafan a shekarun 1970 a dasa masa sunan a kai. Duk wanda ya ce maka ya tsinci na Loar a ɗakin ajiyar kakarsa zai bar maka da araha saboda gaggawa, ka tuna araha ba ta ado.

Ka nemi hoton gefe, da na ciki, da na bayan kai inda karaya kan ɓuya ƙarƙashin sabon fenti. Ko a Gibson ɗin da nake yabo, kalli fuskar daga gefe: in ta lotsa ƙarƙashin jaki, katakon da ke tallafe ta daga ciki ya saki. In an gano da wuri, ɗan gam ne. Mai sayarwa ya ƙi turo hotunan, ko ya ce ba a mayarwa, rufe shafin.