Tsofaffin fina-finan fashin jirgin sama: wanne ya cancanci a ɓata masa dare?

Wani yaro mai tura fina-finai a unguwarmu ne ya haɗa min su a filash ɗaya, daga na 1970 har zuwa na tsakiyar shekarun 1980. Wasu hotonsu tas, wasu kuwa da gani daga tsohon kaset aka kwafo su, launi ya koɗe, sauti na shaƙewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da daddare, kuma abin da na lura shi ne, waɗanda suka fi tsufa su suka fi daɗin kallo. Da tafiya ta yi nisa, kuɗi suka ƙaru, bindigogi suka ƙaru, sai hankali ya ragu.

Ya kamata mai kallo ya san zamanin da ya haifi waɗannan fina-finai. Tsakanin 1968 da 1972 an yi fashin jiragen Amurka sama da 130, da yawansu Kyuba aka karkatar da su. Mutum zai shiga filin jirgi da jakarsa, babu mai buɗe ta, babu na'urar da zai bi ta ciki. A watan Nuwamba na 1971 wani da ake kira D.B. Cooper ya karɓi dala 200,000 ya yi tsalle da lema daga jirgi, har yau ba a kama shi ba. Sai a Janairun 1973 aka wajabta binciken kowane fasinja da kayansa a Amurka. Idan ba ka san wannan ba, za ka yi ta tsaki kana cewa wane irin sakarci ne mutum ya shiga jirgi da bam a hannu. To, haka abin yake a lokacin.

Airport na 1970 shi ne uban gayyar, kuma shi na fi so. A gaskiya ma ba fashi ba ne kai tsaye. Wani magidanci ne da karayar arziki ta ci ƙarfinsa, ya sayi inshorar rai a filin jirgi, ya shiga jirgin da zai tafi Rum da bam a cikin 'yar jakarsa, da nufin ya mutu matarsa ta karɓi kuɗi. Van Heflin ne ya fito a wannan matsayi. Ka duba yadda yake rungume da jakar a cinya, gumi na tsattsafo masa, ko abinci aka kawo ba ya yarda ya sake ta. Ba ya ihu, ba ya barazana. Tausayinsa kake ji, kana kuma jin tsoronsa. Matarsa kuwa, wadda Maureen Stapleton ta fito a matsayinta, bayan jirgin ya samu ya sauka sai ga ta tana bin fasinjoji tana ba su haƙuri cikin kuka, kan laifin da ba ita ta aikata ba. A duk fina-finan da ke cikin filash ɗin babu wurin da ya taɓa ni kamar wannan.

Abu na biyu da Airport ya iya shi ne girmama masu aiki. Akwai wani jirgin Boeing 707 da ya maƙale a dusar ƙanƙara ya toshe titin da jirgin da bam ya huda yake bukatar sauka a kai. George Kennedy, bakanike mai sigari a baki, shi zai fitar da shi. Fim ɗin bai yi gaggawa ba: ana haƙa, ana shimfiɗa katako ƙarƙashin taya, ana gardama da manaja, ana duba agogo. Ba a ɗauki bakanike ɗan rakiya ba, shi ma jarumi ne. Ga kuma wata tsohuwa, Helen Hayes, da ta ƙware wajen shiga jirgi ba tikiti, tana yi wa ma'aikata bayanin dabarunta ba ko kunya. Da wannan rawar ta ci kyautar Oscar. An ce kusan dala miliyan 10 aka kashe wa fim ɗin, ya dawo da sama da miliyan 100, shi ya sa kowa ya ce shi ma sai ya yi nasa.

Amma fa sai ka yi haƙuri. Fim ɗin ya haura awa biyu, kuma an daɗe ƙwarai kafin jirgin ma ya tashi. Kafin nan sai ka sha labarin auren manaja da ke tangal-tangal, da matuƙin jirgi mai mata a gida wanda ya yi wa ma'aikaciyar jirgi ciki. Fim ɗin ma bai ga wani abin kunya sosai a nan ba, tunda matuƙin ne dai gwarzon. Wannan ɓangaren ba na zama da yara ba ne.

Skyjacked na 1972 ya fi shi gajarta da zafi. An rubuta barazana da jan-baki a madubin banɗakin jirgi, cewa a karkata zuwa Anchorage ta Alaska, ba a kuma san wanda ya rubuta ba. Rabin farko na fim ɗin duk zargi ne, kana kallon fuskar kowa. Daga baya ta bayyana tsohon sojan yaƙin Biyetnam ne da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, James Brolin, wanda ya dage sai an kai shi Mosko yana zaton za a tarbe shi da girmamawa. Charlton Heston ne matuƙi. Abin da ya ɓata shi, ana tsakiyar tashin hankali sai a yanke a koma tuna wata tsohuwar soyayya, hoto ya yi hazo-hazo, kiɗa ya yi laushi. Nan nake tashi in zuba shayi.

A wannan fim ɗin ne kuma za ka fara gane cewa jerin fasinjojin ba ya canzawa. Kamar motar kasuwa ce da direba ya rantse ba zai tashi ba sai ya ga mai tsohon ciki, da babban ɗan siyasa, da mawaƙi, da tsoho da tsohuwa, da wani mai tsoro da zai sha mari. Mai cikin kuwa ba makawa sai naƙuda ta kama ta a sama.

Daga nan sai gangara. A Airport '77 ɓarayin zane-zane masu tsada sun sace jirgin Boeing 747 na wani attajiri, jirgin ya faɗa teku a yankin Bamuda, ya nutse, mutane na ciki da ransu suna leƙen ruwa ta taga. Jack Lemmon da James Stewart da Christopher Lee duk suna ciki, manyan 'yan wasa, amma ba a ba su abin yi ba sai zare ido. Airport na 1979 kuwa, inda George Kennedy ya buɗe tagar jirgin Concorde yana cikin tafiya ya harba bindigar haske don ya ruɗar da makami mai linzami, wannan kam sai dariya.

Wauta ba ta dame ni ba, ana kallonta a yi nishaɗi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne fina-finan da suka ɗauki abin da ya faru da gaske suka gyara shi yadda suke so. Raid on Entebbe ya fito 'yan watanni kacal bayan sojojin Isra'ila sun kai samame filin jirgin Entebbe na Yuganda a farkon Yulin 1976, suka kuɓutar da mutum sama da 100 daga jirgin Air France da aka sace. A matsayin fim an tsara shi da kyau, musamman shirye-shiryen samamen, kuma Yaphet Kotto ya yi ƙoƙari a matsayin Idi Amin, da dariyarsa mai ban tsoro da lambobin yabo cike da ƙirji. Amma sojojin Yuganda gommai da aka kashe a daren nan, babu mai suna, babu mai fuska. Suna faɗuwa kawai. Ɗan Afirka da ke kallo ba zai kasa lura da wannan ba.

The Delta Force na 1986 ya fi muni. An gina shi a kan fashin jirgin kamfanin TWA na Amurka a watan Yunin 1985, wanda aka yi ta kai-komo da shi tsakanin Beirut da Aljiyas, aka kashe wani sojan ruwan Amurka guda. A zahiri sai da aka shafe kwana 17, kuma ta hanyar sulhu aka saki mutanen. Rabin farko na fim ɗin ya bi abin da ya faru, yana da nauyi. Rabi na biyu sai ga Chuck Norris a kan babur mai harba roka yana share Beirut shi kaɗai. Babban ɗan fashin ma Ba'amurke ne, Robert Forster, aka shafa masa launi aka ce Balarabe ne. Kowane Balarabe a ciki ko dai mai ihu ne ko mai jiran harsashi. Muna yara a gidan kallo tafi muke yi idan akta ya kashe bos, ba mu taɓa tambayar wa ake nufi da bos ɗin ba. Yanzu da na sake kallo, tafin bai zo ba.

Su waɗannan fina-finan ba sa son nuna cewa fashin jirgi na gaske yawancinsa zama ne. Waɗanda suka tuna Oktoban 1993, lokacin da wasu matasa huɗu masu adawa da soke zaɓen 12 ga Yuni suka karkatar da jirgin Nigeria Airways daga hanyar Legas zuwa Abuja suka sauke shi a Yamai, sun san kwanaki aka yi ana tattaunawa jirgi na tsaye a ƙasa, kafin jami'an tsaron Nijar su kutsa, aka kuma rasa rai. Zafi, ƙishirwa, jira. Airport da Skyjacked sun ɗan kusanci wannan yanayi, sauran ba su da haƙurinsa.

Idan za ka sa a tura maka, ka ce a fara da waɗannan biyun, ka kuma duba hoton tun a shago kafin ka biya, don kwafin Skyjacked da aka ba ni duhu ya cinye wuraren dare. Akwai wani na barkwanci a cikin filash ɗin, Airplane! na 1980, wanda aka yi shi musamman don a yi wa irin waɗannan fina-finai shaƙiyanci. Kada ka kuskura ka fara da shi. Ka ajiye shi ƙarshe, domin idan ka riga ka kalle shi, duk sanda matuƙi ya haɗe rai ya ɗauki makirfo zai yi wa fasinjoji jawabi, dariya za ta kuɓuce maka.