Erectus ko reidi: wanne za a fara renon 'ya'yan dokin teku da shi?

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin erectus da reidi, jinsuna biyu na ɗan kifin nan da ake kira dokin teku, da ka ce an yi maka tayi, in dai renon 'ya'ya ne a ranka, ɗauki erectus. Duka biyun sun zauna a gidana, kuma erectus ne kaɗai nake da shi har yau.

Ni abin da ya sa na riƙe shi, yadda 'ya'yansa ke fitowa ne. Ka san a wajen dokin teku namiji ke ɗaukar ciki: mace ta zuba masa ƙwai a cikin jakar da ke gabansa, shi ya riƙe su kamar mako uku. Namijina da asuba yake haihuwa. Sai ka tarar ya naɗe jela a jikin wani reshe, yana lanƙwasa jiki yana yunƙuri, 'ya'ya na fesowa daga bakin jakar rukuni-rukuni. Kowane ɗa tsawonsa kamar santimita ɗaya ne, amma komai nasa ya cika, da dogon baki da ido da jela. Na kan sa musu zaren roba kore a tankin reno, kuma kafin hantsi za ka ga da yawa sun kama zaren sun jeru a kai, wasu ma sun riƙe jelar juna. Da na zuba artemia sabuwar ƙyanƙyasa, wato 'yan mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri da ake ciyar da 'ya'yan kifi da su, sai ka ga ɗan ya tsaya cak yana bin ƙwaya ɗaya da ido, ya matso a hankali, ya zuƙe ta. Bayan ɗan lokaci cikinsa ya yi ruwan lemo saboda abin da ya ci. Wannan launin nake dubawa kowace safiya da tocila kafin in duba komai, don ɗan da cikinsa ya yi fari fayau bai ci ba, kuma ba zai daɗe ba.

Abu biyu ke nan erectus ya fi da su: ɗan yana kama abu da wuri ya huta, kuma bakinsa ya isa ya haɗiye artemia tun ranar farko. In za ka samu, nemi irin na kudu, wanda asalinsa gaɓar Florida ce, su aka fi sani da saurin kama abu. Jinsin yana da faɗi, daga gaɓar Kanada har Kudancin Amurka, kuma ba duka halinsu ɗaya ba.

Reidi kuwa, kyau dai yana da shi, rawaya da ja da ruwan lemo, shi ya sa masu shago ke sa shi a gaba. Kuɗin da na kashe a kansa har yau yana yi mini ciwo. Yana iya zubo 'ya'ya sama da 1,000 a haihuwa ɗaya, ƙanana ƙwarai, kuma makonnin farko ba sa kama komai, yawo kawai suke a ruwa. Su taso sama su haɗiyi iska, su kasa nutsewa, su mutu a nan. Sai ka tanadi tanki mai zagaye da ke juya ruwa a hankali, sai kuma ka yi kiwon rotifa ko kofifod, ƙananan halittun da suka fi artemia ƙanƙanta, su ma da nasu abincin. Aikin gwanaye ne.

Kada ka ɗauka erectus ɗin ma hutu ne. Dokin teku ba shi da haƙori, ba shi da tumbi, abinci wucewa kawai yake yi, don haka jarirai sai an ba su ci sau uku zuwa huɗu a rana. Artemia ba baƙuwa ba ce a wajenmu, duk mai ƙyanƙyasar tarwada ya san gwangwaninta, kuma yadda suke ƙyanƙyashe ta haka kai ma za ka yi: kwalbar roba a kife, ruwan gishiri, iska na bubbuga daga ƙasa, cikin awa 24 ta fashe. Ka ajiye kwalba biyu, ɗaya ta safe ɗaya ta yamma, saboda amfaninta yana cikin sa'o'in farko, in ta kwana ba a ciyar da ita ba ta zama ɓawo. Ka tace ta da kyau kada kwasfar ƙwan ta bi ta shiga tanki. Tankin reno kuma a bar ƙasansa fili, ba yashi ba dutse, don ka riƙa ganin kashi da ragowar abinci kana zuƙewa da siririn tiyo kullum, kana mayar da sabon ruwa mai gishiri da sanyi daidai da wanda ka cire. Gishirin ma na tankin teku ne da ake sayarwa a buhu, na miya ba ya yi. Idan sun yi wata ɗaya zuwa biyu sai ka fara koya musu cin daskararren mysis, wani ƙaramin jatan lande, kana yayyanka shi ƙanana. A nan ne wasu ke ƙin ci, sai ka haɗa da haƙuri kana gauraya shi da mai rai. Duk ƙoƙarinka wasu za su mutu, musamman a haihuwar farko, kada hakan ya karya maka gwiwa.

Zafi ne babban abokin gabarka. Erectus ya fi lafiya a ruwa mai digiri 20 zuwa 23, in ya haura haka ƙwayar cutar Vibrio ke samun dama, jela ta fara fari tana ruɓewa. Ka ce kana Abuja, to ka tuna watan Maris da Afrilu. Na'urar sanyaya ruwa dole ce, da inbata ko sola da za su riƙe ta da injin iska idan an ɗauke wuta. In waɗannan ba su samu ba tukuna, ka jinkirta sayen kifin.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, don a nan ake cutar mutane. Akwai masu sayarwa da za su rantse maka cewa haihuwar tanki ne alhali daga teku aka kamo shi, ko kuma an rene shi a keji a cikin teku, wanda shi ma da cututtukan tekun yake zuwa. Kamun teku ya saba da abinci mai rai, sau da yawa ko kallon daskararre ba ya yi, sai ya rame a gabanka. Gwajin mai sauƙi ne: ka ce a zuba masa daskararren mysis kana tsaye, ko a ɗauko maka bidiyo a lokacin. In aka ce "yanzu ya gama ci", ka riƙe kuɗinka. Ka dubi gefen cikinsa, in ya lotsa yunwa ta riga ta ci shi. Kada kuma ka biya ƙarin kuɗi don launi, dokin teku yana sauya kala gwargwadon wurin da yake, rawayan da ka saya da tsada zai iya komawa baƙi-baƙi a tankinka. Sannan tun 2004 duk jinsunan dokin teku suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ake gudun ƙarewarsu, ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini. Wanda ya ce zai shigo maka da shi daga waje, ya nuna maka takardar kafin ka tura ko kwabo.

Sayi mace da namiji na erectus daga hannun wanda ya haife su a tankinsa, waɗanda suka girma har jakar namijin ta fito sarai. Ka sa su a tanki mai tsawo, aƙalla lita 110, don sama suke yi tare lokacin da macen za ta zuba ƙwai, gajeren tanki kan sa ƙwan ya zube ƙasa. Tankin reno da kwalaben artemia kuwa, ka haɗa su tun ranar da ka ga jakar ta fara kumbura.