Akwatin SSD na USB 3.0: wata uku ina aiki da shi a kan Linux

Sana'ata haɗa bidiyon biki ce, kwamfutata kuma Ubuntu ce a kanta, wato wani nau'in Linux. Shi ya sa na sayi ɗan akwatin nan da ake zura SSD, wato faifan ajiya mai sauri, a ciki a jona shi ta USB. A jikin kwalin an rubuta USB 3.0 ɓaro-ɓaro. Ranar farko na tura bidiyon kamu da dina, wajen gigabait 60, sai abu ya kama tafiyar hawainiya, megabait 35 zuwa 40 a daƙiƙa. Kusan rabin awa ina zaune, shayina har ya huce.

Har na ɗauki makullin babur zan koma wajen mai shago, a raina jabu ya sayar min. Sai na ce bari in tambayi kenel tukuna, wato zuciyar Linux da ke magana da na'urori. Na buga lsusb -t, umarnin da ke jera na'urorin USB da gudunsu, a ƙarshen layin na'urar na ga 480M, gudun USB 2.0 ke nan. Shi kuma dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kenel, ya rubuta "new high-speed USB device". Sunan nan mayaudari ne: "high-speed" tsohon gudu ne, sabon kuwa "SuperSpeed" ake ce masa.

Ashe kebul ne. USB 2.0 na da wayoyi 4, na 3.0 ya ƙara 5 can cikin bakin filogin. In waɗannan biyar ɗin ba su taɓa daidai ba, kenel ba ya gardama, sai ya haƙura da 2.0 shiru, ko gargaɗi babu. Kebul ɗin da ya zo a kwalin lilo yake yi a rami. Na kuma lura in na zura shi a hankali ya fi faɗawa 480M, domin wayoyin tsohon ne ke fara taɓawa. Da na sa wani gajere mai kauri, sai ga 5000M, gudun USB 3.0, gigabait 60 ɗin nan ko minti uku bai ci ba.

Bayan sati biyu wata matsala ta taso. Ana tsaka da kwafi mai nauyi sai faifan ya daskare, dmesg ya cika da layukan kuskure na uas_eh_abort_handler. Direban uas ne, wato sabuwar manhajar da kenel ke tuƙa faifan USB da ita, jininsu bai haɗu da na akwatin ba. Na ɗauko lambobin shaidar na'urar guda biyu daga lsusb, na rubuta su bayan usb-storage.quirks= a GRUB, manhajar da ke tada Linux, da harafin u a ƙarshe, don kenel ya koma tsohon direba. Gudu ya ɗan ragu, amma tun daga nan bai sake tsayawa ba.

Akwatin kansa ba shi da laifi sosai, jikin alminiyom ne, ba ya zafi ko da rana tsaka. Zan sake sayensa, amma kebul ɗinsa na riga na ba ƙanena yana cajin fitila da shi.